Kocin jami'a a Amurka: malamin makaranta ne ko gwanin tamaula?

Lokacin da hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta naɗa Randy Waldrum kocin Super Falcons a watan Oktoban 2020, tambaya ɗaya ce ta yi ta yawo a bakin masu bin ƙwallo: ta yaya za a danƙa ƙungiyar da ta ɗauki kofin Afirka sau 9 a hannun mai horar da ɗaliban jami'a? Abin da ya ƙara rura wutar maganar shi ne mutumin bai ajiye aikinsa na Jami'ar Pittsburgh ba, ya haɗa biyun yana yi. Ranar da Falcons suka doke Ostareliya da ci 3-2 a gasar cin kofin duniya ta 2023, da hantsi aka buga wasan a agogonmu, kuma a gidan kallon da na zauna ana tsaka da ihu wani dattijo ya kaɗa kai ya ce sa'a ce kawai, malamin makaranta ina ya san ƙwallo.

Ban ga laifinsa ba. A wajenmu in an ce wasan jami'a, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne gasar NUGA: a taru na 'yan kwanaki, a raba lambobin yabo, kowa ya koma aji. A Amurka lamarin daban yake, musamman a ƙwallon mata, inda jami'o'i suka yi shekara kusan 40 suna yin aikin da manyan kulob-kulob ke yi a Turai.

Wace irin gasa ce wannan?

Hukumar da ke kula da yawancin wasannin jami'o'in Amurka sunanta NCAA, kuma ta kasa makarantu rukuni uku. A rukuni na ɗaya, wanda shi ne na manya, akwai ƙungiyoyin ƙwallon mata fiye da 330. Rukuni na biyu ma yana bayar da tallafin karatu ga 'yan wasa, amma bai kai na farko ba. Rukuni na uku kuwa ba ya bayar da ko sisi saboda wasa. Akwai wata hukuma ta ƙananan makarantu mai suna NAIA, da kuma ta kwalejojin shekara biyu.

Kakar wasan gajera ce. Ana farawa a watan Agusta, a gama a farkon Disamba, sau da yawa wasa biyu a mako. Daga nan a zaɓi ƙungiyoyi 64 su shiga gasar sili ɗaya ƙwale, har a kai ga huɗun ƙarshe, matakin da suke kira College Cup. Dokokin ma ba irin waɗanda muka saba gani ba ne: agogo baya yake ƙirgawa zuwa sifiri, ana canjin 'yan wasa da yawa, har wadda aka fitar tana iya dawowa fili bayan hutun rabin lokaci.

Dokar 1972 da ta haifi sana'ar

Ba son ƙwallo ne ya sa jami'o'in Amurka suka zuba kuɗi a wasan mata ba. A watan Yunin 1972 shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar da ake kira Title IX, wato sashe na 9 na wata dokar ilimi. Abin da ta ce a taƙaice: duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da damar nuna bambanci tsakanin namiji da mace a kowane shiri nata. Dokar ba ta ambaci ƙwallo ba, amma kotuna da ma'aikatun gwamnati suka fassara ta har ta shafi wasanni.

To ga inda gizo ke saƙa. Manyan jami'o'i suna da ƙungiyar ƙwallon Amurka, wannan ta hular kwano da ture-ture, wadda har zuwa 2025 ita kaɗai ke cin guraben tallafin karatu 85, duk na maza. Domin a daidaita ma'auni, dole a nemo wasan mata mai ɗaukar mutane da yawa kuma marar tsada. Ƙwallon ƙafa ta dace: fili, raga biyu, 'yan wasa kusan 30. Shi ya sa har zuwa 2025 ƙungiyar mata a rukuni na ɗaya ke da guraben tallafi 14, ta maza kuwa 9.9 kacal. Yarinyar da ta iya taka leda sai ta zama tana riƙe da mabuɗin digirin da iyayenta ba za su iya biya ba, kuma mai buɗe ƙofar shi ne koci.

Aikin kocin ya wuce busa usur

Kocin kulob yana sayen 'yan wasa, yana sayarwa. Kocin jami'a ba ya saye, roƙo yake yi. Yana bin gasannin 'yan sakandare jiha-jiha, yana zama a falon iyaye yana lallashi, yana alkawarin cewa 'yarsu za ta fito da digiri. Sannan ya dawo ofis ya zauna da lissafi, domin guraben tallafin nan yanyanka su ake yi: wannan a ba ta rabi, waccan rubu'i, tauraruwa a ba ta cikakke. Doka ta ƙayyade masa awa 20 a mako na atisaye da wasa a lokacin kaka. Idan ɗaliba ta faɗi jarrabawa, ba ta buga wasa, ko da ita ce mai cin ƙwallaye. Kuma duk wadda ya horar, bayan kaka huɗu ta tafi, sai ya sake sabon gini.

Hanyar shiga sana'ar ma doguwa ce. Yawanci mutum kan fara da mataimaki na sa-kai ko mai ɗan albashi, ya yi shekaru yana ɗaukar jakar ƙwallaye da yankan bidiyo, ya samu ƙaramar makaranta, in ya yi abin kirki babba ta kira shi. Mark Krikorian ya ɗauki kofin rukuni na biyu da ƙaramar makarantar Franklin Pierce a 1994 da 1995, shekara 10 kafin Jami'ar Jihar Florida ta ɗauke shi, inda ya ci kofin manya a 2014 da 2018 da 2021. Wanda ya zauna da gindinsa kuwa yakan daɗe. Jerry Smith yana Santa Clara tun 1987, Paul Ratcliffe yana Stanford tun 2003. A Turai koci ya yi shekara 3 a kulob ɗaya sai a ce ya yi tsawon rai.

Dorrance, mutumin da ake auna kowa da shi

Ba a maganar wannan sana'a ba tare da Anson Dorrance ba. An haife shi a Bombay ta Indiya a 1951, mahaifinsa ma'aikacin kamfanin mai ne, ya yi ƙuruciya a ƙasashe da dama har da Kenya da Habasha. A 1977 ya karɓi ƙungiyar maza ta Jami'ar North Carolina, a 1979 aka ƙara masa ta mata da aka kafa sabuwa fil. Ya riƙe ta har watan Agustan 2024, wato shekara 45.

Alƙalumansa sai ka rantse kuskuren buga rubutu ne. Kofin NCAA 21, da wani kofin ƙasa na 1981 kafin NCAA ta fara shirya gasar mata a 1982. Kofi 9 a jere daga 1986 zuwa 1994. Wasa 92 a jere yana ci, babu ko kunnen doki. A wasan ƙarshe na 1992 'yan matansa suka yi wa maƙwabciyarsu Duke ruwan ƙwallaye 9-1. A cikin waɗannan shekarun kuma shi ne kocin ƙasar Amurka, ya ɗauki kofin duniya na mata na farko a China a 1991, kusan rabin 'yan wasan ɗalibansa ne, ciki har da Mia Hamm da Kristine Lilly.

Sirrin da ya fi shahara da shi abu ne da ya laƙaba wa sunan da a Hausa za a ce tukunyar gasa. Ya ɗauko dabarar daga kocin ƙwallon kwando na jami'ar, Dean Smith. A kowane atisaye akwai masu riƙe da takarda da biro a gefen fili. Gudu, bugun kai, ɗaya da ɗaya, ƙananan wasanni, komai ana rubuta wadda ta ci da wadda aka ci. Daga baya a jera sunaye daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe a liƙa inda kowa zai gani. Ka ƙaddara yarinya 'yar shekara 18, wadda a garinsu ita ce gwana, ta zo ta ga sunanta a lamba ta 23, ƙasa da ƙawarta da suke kwana ɗaki ɗaya. Dorrance ya lura cewa 'yan matan da ke zuwa masa an tarbiyyantar da su kada su kunyata ƙawa, shi kuma yana son su saba da kayar da juna da rana su ci abinci tare da dare. Ya haɗa wannan da matsin lamba tun daga gaba, yana zuba sabbin 'yan wasa rukuni-rukuni saboda dokar canji ta ba shi dama, har abokan hamayya su gaji su zube.

Masu sukarsa suna cewa a shekarun farko ai shi kaɗai ne a kasuwa, duk gwanar da ke Amurka wajensa take zuwa. Akwai gaskiya a ciki. Daga 2012 bai sake ɗaga kofi ba, ya kai wasan ƙarshe a 2018 da 2019 da 2022, duk aka doke shi. Sai dai wanda ya ce kasuwa ce babu kowa ya kamata ya tambayi wa ya kafa kasuwar. Ranar 7 ga Agustan 2023 da Ingila ta fitar da Najeriya a bugun fenariti a Brisbane, kociyar Ingila Sarina Wiegman tsohuwar ɗalibarsa ce, ta buga masa a 1989. Lucy Bronze da Alessia Russo da suka buga wasan duk daga hannunsa suka fito. A ɗaya bencin kuma ga Waldrum. Wasan ƙasashe biyu ne, amma hannun jami'o'in Amurka yana ko'ina a cikinsa.

Abin dariya, ko na tausayi, shi ne watanni huɗu bayan ya yi ritaya mataimakinsa Damon Nahas ya kai ƙungiyar ta ci kofin 2024.

Ƙirga kofi kaɗai yana ruɗar da mutum

Jill Ellis ta riƙe UCLA, wato Jami'ar California da ke Los Angeles, daga 1999 zuwa 2010, ta yi ta kai ƙungiyar huɗun ƙarshe shekara bayan shekara, ba ta taɓa ɗaukar kofin ba. Ita ce kuma ta ci wa Amurka kofin duniya a 2015 da 2019. Waldrum ya ci kofi biyu da Notre Dame, a 2004 da 2010, amma da ya koma ƙwallon ƙwararru ya karɓi Houston Dash a 2014, bai taɓa kai ta zagayen neman kofi ba har suka rabu a 2017. Daga nan ya tarar da Pittsburgh a ƙasan teburi, ya yi ta gini har ya kai ta takwas ɗin ƙarshe a 2023. In ka tambaye ni, wannan aikin na Pittsburgh ya fi kofunan Notre Dame nuna ko shi wane ne, domin Notre Dame ta riga ta ɗanɗana kofi tun 1995 kafin zuwansa.

Akwai kuma Clive Charles, baƙar fata ɗan Landan, tsohon ɗan wasan West Ham, wanda ya mayar da ƙaramar Jami'ar Portland cibiyar ƙwallo. Ya ci kofinsa ɗaya tilo a 2002 yana fama da cutar daji, Christine Sinclair ta Kanada ce ta zura ƙwallayen biyu. Watanni takwas bayan nan ya rasu. Kofi ɗaya ne, amma har yau a birnin Portland ba a ambaton ƙwallo a bar sunansa.

To ina matan suke?

Nan ne abin ya zo da ban mamaki. Kafin dokar 1972, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su, domin aiki ne marar kuɗi da ba wanda ke rububinsa. Da albashi ya shigo, maza suka shigo. Yau adadin bai kai rabi ba. A ƙwallon ƙafa, daga 1982 zuwa 2024 sau huɗu kacal mace ta ɗauki kofin rukuni na ɗaya a matsayin babbar kociya: Becky Burleigh da Florida a 1998, kaka huɗu kawai bayan ta kafa ƙungiyar, kuma Dorrance ta doke 1-0, Amanda Cromwell da UCLA a 2013, Erica Walsh da Penn State a 2015, sai Margueritte Aozasa da UCLA a 2022.

Wasan Aozasa ya cancanci a tsaya a kansa. Shekararta ta farko ke nan a matsayin babbar kociya, bayan ta yi wasa a hannun Jerry Smith ta kuma yi mataimakiya a hannun Ratcliffe. Saura minti 10 a tashi, North Carolina na gaba da 2-0. UCLA ta rama ɗaya. Agogo na ƙirgawa baya, kowa na kallonsa, saura daƙiƙa 16 aka bugo kwana, Reilyn Turner ta sa kai ƙwallo ta shiga. A ƙarin lokaci suka ci ta uku. Dattijo mai kofi 21 yana tsaye a gefe, matashiyar da ba a haifa ba lokacin da ya ci kofinsa na farko ta ƙwace na 22 daga hannunsa.

Dalilan ƙarancin matan, kowa da nasa. Wasu na cewa daraktocin wasanni, waɗanda yawancinsu maza ne, suna ɗaukar wanda suka sani. Wasu na nuna yawan tafiye-tafiyen aikin da yadda yake cin karo da raino. Wasu kuma na cewa a bar cancanta ta yi aiki. Ni dai abin da na gani shi ne kociyar da ta faɗi sau ɗaya da wuya a sake ba ta babbar makaranta, namiji kuwa yakan samu ta biyu.

Iko mai yawa a hannun mutum ɗaya

Wanda ke riƙe da gurbin karatun yarinya, da lokacin wasanta, da makomarta, ikonsa ya yi yawa, kuma an ga illar hakan. A 1998 tsofaffin 'yan wasa biyu suka kai Dorrance da jami'arsa kotu bisa zargin cin zarafi ta hanyar kalaman batsa. Ya musanta, shari'a ta ja shekara 10, a 2008 jami'ar ta biya ɗaya daga cikinsu dala 385,000 aka sasanta, shi kuma ya rubuta takardar neman afuwa. A 2019 aka bankaɗo badaƙalar sayar da guraben shiga jami'a, inda attajirai ke biya a rubuta 'ya'yansu a matsayin 'yan wasa. Tsohon kocin mata na Yale, Rudy Meredith, ya amsa laifi, cikin abin da ya karɓa har da dala 400,000 don ya sa sunan yarinyar da ba 'yar ƙwallo ba ce. Ali Khosroshahin, wanda ya ci wa Jami'ar Kudancin California kofi a 2007, shi ma ya amsa nasa.

Zamani ya juya

Da wuya a sake yin wani Dorrance, domin igiyar ta fara komawa hannun 'yan wasa. Yanzu ɗaliba na iya sauya makaranta ba tare da ta yi zaman shekara guda ba, kuma tun 2021 tana iya karɓar kuɗin talla da sunanta. Koci ya ɗaga mata murya yau, gobe sunanta na cikin rajistar masu neman canji. A 2024 gasar ƙwararrun matan Amurka, NWSL, ta soke tsarin da ƙungiyoyi ke zaɓen ɗalibai bi da bi, yanzu kowace da kanta take ciniki. Manyan gwanaye ma sun fara tsallake jami'a ɗungurungum: Lindsey Horan ta bar gurbin North Carolina ta tafi PSG ta Faransa tun 2012, Alyssa Thompson ta bar na Stanford a 2023. A watan Yunin 2025 kuma kotu ta amince da wata yarjejeniya da ta ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, kusan dala miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko. Kaso mafi tsoka ƙwallon Amurka da kwandon maza ke kwashewa. Makarantun da suka shiga tsarin an cire musu iyakar guraben 14, amma an ƙayyade musu 'yan wasa 28, don haka 'yan benci da dama sun rasa wuri.

Me ya shafe mu a ciki?

Na farko, ga iyayen da 'yarsu ke buga ƙwallo, a Lafiya ne wajen Nasarawa Amazons ko a makarantar unguwa: hanyar nan gaskiya ce, an bi ta. Uchenna Kanu, wadda ta fara rama wa Najeriya ƙwallo a wasan Ostareliya, daga gida ta tafi ƙaramar Jami'ar Southeastern da ke Florida. Deborah Abiodun ta tashi daga Rivers Angels zuwa Pittsburgh. Amma koci na gaske ba ya sayar da gurbi, kuma duk iyawar yarinya, sai da sakamakon jarrabawar sakandare mai kyau za a karɓe ta. Dillalin da ya ce a kawo kuɗi ya sayo mata gurbi, a bincike shi. Wanda ya yi alkawarin tallafin wasa a Yale ko Harvard kuwa ƙarya yake yi kai tsaye, domin waɗannan makarantun ba sa bayar da tallafi saboda wasa, sai dai saboda rashin ƙarfin iyaye. A kuma sani cewa bizar ɗalibi tana taƙaita wa baƙuwa neman kuɗin tallan da takwarorinta 'yan ƙasa ke samu.

Na biyu, maganar Waldrum kansa. Masu cewa aikin wucin gadi ya yi wa Najeriya suna da hujja: mutumin da ke Pittsburgh daga Agusta zuwa Nuwamba ba zai san 'yan gasar gida kamar wanda ke zaune a nan ba, kuma a gasar Afirka ta 2022 Falcons ta huɗu suka ƙare, Zambiya ma ta doke su. Magoya bayansa kuma za su ce ga kofin duniya, wasa huɗu babu wanda ya doke Najeriya a cikin fili, uku daga ciki ba a zura mata ko ɗaya ba, ga tikitin Olympics na 2024 bayan shekara 16, duk da rigimar albashi da ya fito fili ya yi da hukuma. Ya ajiye aikin a Satumban 2024.

Kofin Afirkan da ya gagare shi, Justine Madugu, kocin gida, shi ya ɗauko a Rabat a watan Yulin 2025, bayan Maroko ta fara yin gaba da 2-0. A wasan kusa da na ƙarshe Michelle Alozie, wadda ta yi Yale da Tennessee, ita ta ci Afirka ta Kudu ana dab da tashi. A wasan ƙarshe kuwa, saura minti biyu, Esther Okoronkwo ta Jami'ar Lamar da ke Texas ta bugo bugun tazara, Jennifer Echegini, wadda ta ci kofin 2023 da Jihar Florida a hannun koci Brian Pensky, ta miƙa ƙafa ta tura ƙwallo raga.